Yadda Aka Yi Wa Masu Keke Hanya A Whitechapel

Duk wanda ya fito daga tsohon birnin Landan ta gabas, watau ta wurin da ake kira Aldgate inda ƙofar gari take a zamanin da, unguwar da zai fara shiga ita ce Whitechapel. Unguwa ce ta talakawa da baƙi tun kaka da kakanni. Faransawa masu gudun tsanantawar addini sun zauna a kewayenta suna saƙa, Yahudawan gabashin Turai suka biyo bayansu, yau kuwa mutanen Bangaladash ne suka fi yawa, galibinsu 'yan asalin lardin Sylhet. A bakin babban titinta ne Masallacin Gabashin Landan yake, wanda aka buɗe a 1985, ga kuma babban Asibitin Royal London, inda jirgi mai saukar ungulu yake sauka a kan rufi da waɗanda haɗari ya rutsa da su. Daura da asibitin akwai tashar jirgin ƙasa, akwai kuma kasuwa, rumfuna a jere a bakin titi ana sayar da kifi da kayan miya da yadudduka.

Shi wannan titi tsoho ne ƙwarai, don kuwa kusan sawun hanyar da Rumawa suka shata zuwa garin Colchester ya bi. Yana da faɗi fiye da yawancin titunan Landan, saboda ta nan ake koro dabbobi daga ƙauyukan Essex zuwa birni, har ma akwai kasuwar harawa a tsakiyarsa wadda ba a tashe ta ba sai a 1928. Daga Aldgate ya ratsa Whitechapel, ya wuce Mile End da Bow, ya kai Stratford, tafiyar mil huɗu da 'yan kai. A kan wannan mil huɗu ne aka shafe shekaru ana tufka ana warwara game da tambaya guda: yaya za a raba faɗin titi tsakanin bas da babbar mota da ɗan kasuwa da mai tafiya a ƙasa da mai keke? Kafin a sami amsa mai dama-dama an kashe kuɗi masu yawa, an kuma yi hasarar rayuka.

Tunanin keɓe wa kekuna hanya ba sabon abu ba ne a Landan. Tun a 1934 ministan sufuri na lokacin, Leslie Hore-Belisha, ya buɗe irin wannan hanya a gefen titin Western Avenue da ke yammacin birnin. Abin mamaki, babbar ƙungiyar masu keke ta wancan zamani ita ce ta fi kowa ƙyamar abin, domin tana tsoron kada a fake da shi a kori keke daga kan titi ɗungurungum. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mota ta yi yawa, keke ya zama abin hawan yara da wanda ba shi da hali, maganar ta kwanta. Majalisar Babban Birnin Landan ta farfaɗo da ita a farkon shekarun 1980, amma gwamnatin Margaret Thatcher ta rushe majalisar a 1986, birnin ya zauna shekara 14 ba shi da hukuma guda mai kula da shi baki ɗaya. Daga baya an zana taswirar hanyoyin keke masu tsawon kilomita 900 da niyyar a kammala su wajen 2010. Ba a kammala ba. An yi wuraren da suke da sauƙi, aka tsallake mahaɗar tituna da gadoji, watau ainihin wuraren da mai keke yake bukatar kariya.

Dalili ɗaya na wannan cikas shi ne titunan Landan ba na hukuma ɗaya ba ne. Hukumar Sufuri ta Landan, wadda aka kafa a 2000 a ƙarƙashin Magajin Gari, manyan tituna kaɗai take riƙe da su, kimanin kashi 5 cikin 100, ko da yake su ne suke ɗauke da kusan kashi 30 cikin 100 na zirga-zirgar motoci. Sauran duk suna hannun ƙananan hukumomi 32 da hukumar tsohon birni, kowace da zaɓaɓɓun wakilanta da ra'ayinta. Mai keken da ya taso daga Stratford zuwa ofishinsa a tsakiyar gari zai ratsa ƙasar hukumomi uku: Newham, da Tower Hamlets wadda Whitechapel take cikinta, da tsohon birni. Shi ba ruwansa da iyaka, amma mai zana hanya dole ne ya nemi yardar kowa.

A watan Fabrairu na 2008 Magajin Gari Ken Livingstone ya ba da sanarwar shirin manyan hanyoyin keke da za su taso daga unguwannin waje su shigo tsakiyar birni. Bayan wata uku ya faɗi zaɓe, Boris Johnson ya gaje shi, ya kuma gaji shirin. Aka tsara hanyoyi 12, bankin Barclays ya ɗauki nauyin tallarsu, aka zaɓi launin shuɗi ya zama alamarsu. Biyu na farko an buɗe su a watan Yuli na 2010. Wadda ta bi ta Whitechapel, wadda aka raɗa wa suna Babbar Hanyar Keke ta Biyu, an buɗe ta a watan Yuli na 2011, daga Aldgate zuwa Bow. A nan ta tsaya, domin ba a daidaita da hukumar Newham a kan ragowar ba.

Sunan ya fi abin girma. Abin da aka yi a zahiri shi ne an shafa shuɗin fenti a gefen kwalta, faɗinsa misalin mita ɗaya da rabi. Babu dakali, babu shinge. A wurare da dama fentin yana cikin layin bas ne, a wasu wuraren kuma ba shi da ko farin layin da zai sa doka ta hana mota takawa, don haka direba yana iya bi ta kansa ba tare da ya yi laifi ba. Idan aka iso mahaɗar tituna sai shuɗin ya ratsa gaban motocin da za su karya kwana, ko kuwa ya ɓace ya sake ɓullowa a can gaba. An zaɓi wannan hanya ne saboda tana da araha da sauri, kuma ba ta rage wa mota ko taku ɗaya ba. Amma Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Ya kamata a tuna cewa a Ingila hannun hagu ake bi, kamar yadda ake yi a Nijeriya kafin 1972. Saboda haka mai keke yana can gefen hagu ne, kusa da bakin titi. Idan babbar mota ta zo karya kwana hagu, sai ta ɗan buɗe dama tukuna sa'an nan ta naɗo, direba yana zaune can sama a ɓangaren dama, ba ya ganin abin da ke gindin ƙofarsa ta hagu. Mai keken da ya ɗauka motar miƙewa za ta yi, sai ya tsinci kansa a ƙarƙashin tayoyin baya. Ƙididdigar Hukumar Sufuri ta nuna cewa tsakanin 2015 da 2017 manyan motoci suna da hannu a kashi 63 cikin 100 na mutuwar masu keke a Landan, alhali kuwa kashi 4 cikin 100 kacal suke yi na tafiyar da motoci suke yi a birnin. Irin wannan haɗari ne ya auku a shataletalen Bow a watan Oktoba na 2011, wata uku da buɗe hanyar, inda tifa ta take wani magidanci da ke kan hanyarsa ta zuwa aiki a filin wasannin Olamfik. Ba a cika mako uku ba wata tifar ta kashe wata mata a wannan shataletale.

Waɗannan mace-mace sun sauya bakin masu fafutuka. Ƙungiyar masu keke ta Landan, wadda aka kafa a 1978, ta daina roƙon fenti da alamu, ta koma neman a yi irin na ƙasar Holan. Su ma mutanen Holan ba da hanyoyin keke aka haife su ba. A 1971 mutum fiye da 3,000 suka mutu a titunansu, sama da 400 daga ciki yara ne. Iyaye suka tashi da zanga-zanga, tsadar mai ta 1973 ta ƙara musu hujja, daga nan hukumomi suka shiga raba keke da mota da siminti, shekara bayan shekara. Gab da zaɓen magajin gari na 2012 ƙungiyar ta Landan ta tara dubban masu keke a tsakiyar birni, manyan 'yan takara duk suka amince da bukatarta. Jaridar Times ma ta shiga maganar a wannan shekara, bayan babbar mota ta ji wa wata ma'aikaciyarta mummunan rauni.

A watan Maris na 2013 Boris Johnson ya fito da sabon shiri na shekara goma wanda aka ware wa fam miliyan 913, bayan ya riga ya ɗora wani ɗan jarida, Andrew Gilligan, a kan muƙamin kwamishinan harkokin keke. Shirin ya yarda cewa fenti bai wadatar ba. Amma takarda daban, titi daban. A watan Yuli na wannan shekara babbar mota ta kashe wata ɗaliba Bafaranshiya mai shekara 20 a ƙofar tashar Aldgate East, a kan titin Whitechapel, ita ce kuwa ta farko da ta rasu a kan kekunan haya na birnin tun da aka fito da su a 2010. A watan Oktoba mai binciken musabbabin mutuwa, Mary Hassell, ta saurari batunta tare da na magidancin nan na Bow. Ta kammala da cewa shuɗin fentin yana ruɗa masu keke da direbobi baki ɗaya, yana sa mai keke ya ɗauka yana da kariya da fifikon da ba shi da su, ta kuma rubuta wa Magajin Gari cewa in ba a ɗauki mataki ba wasu ma za su mutu.

Ba a jima ba maganarta ta tabbata. Cikin mako biyu na watan Nuwamba masu keke shida suka rasu a titunan Landan, uku daga cikinsu a kan wannan hanya: ɗaya a Mile End, ɗaya a shataletalen Bow, ɗaya a Whitechapel. A cikin waɗannan kwanaki ne kuma aka buɗe ragowar hanyar daga Bow zuwa Stratford, wadda aka gina da dakalin siminti, kowa ya ga bambanci da idonsa. A ƙarshen watan mutane wajen dubu suka taru a ƙofar hedkwatar Hukumar Sufuri, suka kwanta a kan kwalta tare da kekunansu kamar gawawwaki. Hukuma ta baza 'yan sanda a mahaɗar tituna suna cin tarar direbobi da masu keke, amma kowa ya san wannan maganin wucin gadi ne. An riga an yi alkawarin sake gina hanyar daga Bow zuwa Aldgate, saura cikawa.

A nan ne mai sauraro zai ga dalilin da ya sa irin wannan aiki yake cin shekaru. Da farko sai an ƙirga komai: motoci nawa, bas nawa, kekuna nawa, masu ƙetare titi nawa, a kowace sa'a, a kowace mahaɗa. Sai injiniyoyi su zana, a zuba zanen cikin kwamfuta a ga minti nawa zai ƙara wa tafiyar bas da mota, domin duk taƙin da aka ba keke daga wani aka karɓe shi. Sai a duba abin da ke ƙarƙashin ƙasa, bututun ruwa da na gas da wayoyin lantarki da rufin tashoshin jirgi, don ba ko'ina ake iya haƙawa ba. Bayan haka sai a kai zanen gaban jama'a na tsawon makonni, a aika wa mazauna takardu, a saurari 'yan kasuwa da asibiti da masallaci da 'yan kwana-kwana da direbobin tasi. A gyara, a kai wa hukumar gudanarwa ta amince da kuɗin, a buga dokar da za ta hana tsayawa ko juyawa a wasu wurare, sa'an nan a ba ɗan kwangila. Na Whitechapel an kai shi gaban jama'a a ƙarshen 2014, aka fara aiki a watan Fabrairu na 2015.

Wurin da aka fi kai ruwa rana shi ne kasuwa. Rumfunan Whitechapel suna gefen arewa na titin, bayansu yana kallon kwalta, kuma ta nan motocin 'yan kasuwa suke tsayawa da asuba su sauke kaya, da yamma su kwashe. Zanen farko ya nuna hanyar keke mai dakali za ta bi ta tsakanin rumfunan da motocin. 'Yan kasuwa suka ce ba za ta saɓu ba. Hujjarsu ita ce duk kwalin kifi da buhun albasa sai an ratsa da shi ta gaban kekuna masu gudu, ga haɗari gare su da masu keken, ga kuma tsoron kada a wayi gari an hana su wurin sauke kaya, abincinsu ya tafi. Masu keke kuma suka ce sarƙa ba ta fi ƙarfin mahaɗinta mafi rauni ba. Uwar da ba za ta bar ɗanta ya kutsa tsakanin bas da motar kaya na tsawon rumfunan nan ba, ba za ta bar shi ya hau hanyar ba sam. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Daga ƙarshe Hukumar Sufuri ta janye dakalin a daidai kasuwar, aka bar masu keke da suka nufi gabas su yi tarayya da bas a layi guda. Haka aka buɗe hanyar da wannan giɓi a tsakiyarta.

An kammala aikin a farkon rabin 2016, a kan kuɗi kimanin fam miliyan 25, watau shekara biyar bayan shafa fentin farko. A mafi yawan tsawonta an raba keke da mota da dakalin siminti, inda wuri ya ƙuntata kuma aka kafa sanduna masu lanƙwasa. Amma babban sauyin a mahaɗar tituna yake. A inda titin Cambridge Heath ya haɗu da na Whitechapel aka buɗe wata sabuwar mahaɗa a watan Agusta na 2015, wadda aka ce ita ce irinta ta farko a Birtaniya. Dabarar ita ce a raba su da lokaci kamar yadda aka raba su da wuri: sa'ad da aka ba mai keke hannu ya miƙe, motar da za ta karya hagu tana tsaye a jar danja, sai ya wuce a sake ta. An kafa wa masu keke ƙananan fitilu daidai tsayin idonsu. Mai son juyawa dama kuma ba sai ya kutsa tsakiyar motoci ba. Zai ƙetare ya tsaya a wani wuri da aka shata masa, ya jira hannu na biyu.

Gyaran ya zo da tasa matsalar. Domin kada bas ta riƙa ratsa hanyar keke duk sa'ad da za ta ɗauki fasinja, sai aka mai da tashar bas kamar tsibiri, hanyar keke ta zagaya ta bayanta. Fasinja dole ya ƙetare hanyar keken kafin ya kai ga bas. Ga mai ido da ƙafa wannan ba wani abu ba ne, amma makaho ba ya jin ƙarar keke kamar yadda yake jin ta mota, tsoho kuma ba ya iya kaucewa da sauri. Ƙungiyoyin makafi sun yi ta kuka a kan haka. Hukuma ta ƙara zanen ƙetarawa mai fari-fari wanda ya wajabta wa mai keke ya tsaya wa mai tafiya a ƙasa, amma ba kowane mai keke ne yake tsayawa ba, kuma muhawarar ta kai har majalisar dokokin ƙasa.

An kuma waiwayi ita kanta babbar motar. Daga watan Satumba na 2015 aka hana manyan motoci shiga Landan sai suna da ƙarin madubai da shingen gefe mai hana mutum faɗawa ƙarƙashin taya. Daga watan Maris na 2021 aka fara tilasta wata doka mai auna yawan abin da direba yake iya gani da idonsa kai tsaye daga mazauninsa. Motar da ta wuce tan 12, in ba ta kai mizani ba, sai an sa mata kyamara da na'urar gargaɗi kafin a ba ta izinin shiga birni.

Babban titi ba shi kaɗai ne hanya ba, kuma masu tsarawa sun san ba kowa ne yake son gudu cikin hayaniya ba. Kudu da Whitechapel akwai titin Cable, inda siririyar hanyar keke mai zuwa da dawowa take bi zuwa wajen Hasumiyar Landan. Gabas kuma akwai mashigin ruwa na Regent, wanda aka haƙa aka gama a 1820; turbar da dawakai suke bi a da suna jan kwale-kwalen kaya ita ce yau masu keke da masu shan iska suke bi, ko da yake ƙunci ya sa fifiko na mai tafiya a ƙasa ne. Akwai kuma wata doguwar turba da ta bi ta kan babban bututun ƙazantar da injiniya Joseph Bazalgette ya gina a shekarun 1860, ta nufi Beckton. Aikin mai tsari shi ne ya ɗinke waɗannan da juna da kuma ƙananan layukan unguwa, yadda yaro zai fito daga gida ya kai makaranta ba tare da hanya ta yashe shi a bakin wata babbar mahaɗa ba.

Sadiq Khan, wanda aka zaɓa Magajin Gari a 2016, ya ci gaba da aikin amma ya sauya masa salo. Ya haɗa tafiya a ƙasa da hawan keke a hannun kwamishina guda, Will Norman. A 2017 Hukumar Sufuri ta yi nazarin birnin duka don ta gano hanyoyin da suka fi bukatar aiki, maimakon a bi inda ya fi sauƙi. A 2018 aka sa burin cewa kafin 2041 kashi 80 cikin 100 na tafiye-tafiyen birnin su zama a ƙasa ko a keke ko a motocin haya na jama'a, kuma kada a ƙara rasa rai ko ɗaya a kan titi. A 2019 aka soma sauke sunan nan na "babbar hanya", aka kuma gindaya sharuɗɗan da sai hanya ta cika su, na yawan motoci da gudunsu da faɗin wuri, kafin a kira ta hanyar keke. Annobar korona ta 2020 ta sa an kafa hanyoyin wucin gadi cikin gaggawa, amma ta karya asusun hukumar, ta koma dogaro da tallafin gwamnati na 'yan watanni, abin da ba ya barin a yi shirin shekaru. Duk da haka tsawon hanyoyin ya tashi daga kilomita 90 a 2016 zuwa sama da 400 a 2024, shekarar da aka ƙiyasta ana tafiya miliyan 1.33 a kan keke kowace rana.

A cikin unguwa kuwa siyasa ba ta bar maganar ta huta ba. Hukumar Tower Hamlets a zamanin John Biggs, wanda ya shugabance ta daga 2015 zuwa 2022, ta toshe wasu ƙananan layuka don hana motoci yanke ta cikin gidajen mutane, musamman a Bethnal Green, maƙwabciyar Whitechapel. Lutfur Rahman ya ci zaɓen 2022 da alkawarin buɗe su, a 2023 ya yanke shawarar cire shingayen, mazauna da ke son su suka kai shi kotu. Masu goyon bayansa sun ce toshewar ta tura cunkoso da hayaƙi kan manyan tituna inda talakawa suka fi zama, ta kuma wahalar da direbobin tasi da iyalai masu ɗaukar tsofaffi zuwa asibiti. Ɗaya ɓangaren suka amsa da ƙidayar jama'a ta 2021, wadda ta nuna kusan gida biyu cikin uku a yankin ba su da mota ko ɗaya. Darasin da masu tsari suka ɗauka shi ne, aikin da zai ɗauki shekara goma yana ratsa zaɓe biyu ko uku, kuma abin da ba a shawo kan jama'a a kansa ba, ƙuri'a tana iya rushe shi.

An daɗe ana zargin cewa hanyoyin keke na Turawa ne maza masu albashi mai tsoka, masu ratsa unguwar talakawa zuwa ofis. Wanda ya tsaya a bakin titin Whitechapel zai ga zargin bai cika ba. Da yawa daga masu bin hanyar samari ne 'yan ci-rani masu kai wa mutane abinci gida a kan keke mai batir, waɗanda titi ne wurin neman abincinsu dare da rana. Akwai ɗalibai da ma'aikatan asibiti. Akwai kuma ƙungiyar mata Musulmi mai suna Cycle Sisters, wadda ta faro a Waltham Forest a 2016 ta bazu zuwa wasu unguwanni, tana koya wa mata hawan keke cikin hijabinsu.

Ga mutanen Kano da Zariya da Katsina da Maraɗi, keke ba baƙo ba ne. An yi zamanin da keken Raleigh yake cikin abin alfaharin malamin makaranta da ɗan kasuwa, kafin babur da mota su ture shi. A 2001 ministan sufuri na Nijeriya, marigayi Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran jama'a su koma keke, har ya riƙa hawa zuwa aiki a Abuja, sai wata bas ta banke shi ya faɗa rami. Kira ya yi kyau, amma ba a tanadi hanya ba. Hana acaɓa a Maiduguri a 2011 da kuma Kano a 2013, da janye tallafin man fetur a 2023, sun mai da mutane da yawa kan keke ba don sha'awa ba. Su ne suke kutsawa yau tsakanin tirela da A Daidaita Sahu, a kan tituna da gadojin sama da aka gina ba tare da an tuna da su ba. A Wagadugu ta ƙasar Burkina Faso kuwa, manyan tituna da dama suna da layin gefe na masu ƙafa biyu, abin da ya nuna ba sai ƙasa ta kai Ingila arziki ba.

Abin da ya faru a Whitechapel ya nuna wuraren da za a fara dubawa. Mahaɗar tituna da shataletale su ne suke kisa, don haka daga nan ya kamata a soma, ba a bar su ƙarshe ba. Ɗan kasuwar bakin titi, ko a Whitechapel yake ko a Kantin Kwari, a zauna da shi tun kafin a zana layi, a san inda zai sauke kayansa. Makaho da tsoho a ji ta bakinsu. Sa'an nan duk sa'ad da za a faɗaɗa titi ko a shimfiɗa sabo, a bar wa keke wurinsa a lokacin, domin Landan ta biya kuɗin hanya guda sau biyu, ta kuma biya da abin da kuɗi ba ya mayarwa. Tun ran gini, in ji masu iya magana, tun ran zane.